Littafin da Ke Ƙasan Huhun Goro

Na taso ina karanta duk abin da ya faɗo hannuna, kuma abin da ya fi faɗowa hannun yarinya a Djougou a wancan zamani labarin soyayya ne. Da farko na Faransanci ne masu hotuna, waɗanda 'yan ajinmu a lakwal, wato makarantar boko, ke karɓa hannu zuwa hannu har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Daga baya, a shekarun mulkin juyin juya hali da ake kiran kowa kamarad, 'yan kasuwa masu zuwa Najeriya suka fara shigo da ƙananan littattafan Hausa a cikin kayansu, tsakanin atamfa da kwanuka. A kansu na koyi karatun Hausar boko ni kaɗai, ina haɗa baƙi da wasali da ƙarfi har in ji kalmar da na sani ta fito daga bakina. Ranar da na gane ana iya rubuta maganar so da harshen da Gwaggo ke yi mini faɗa da shi, ban iya cin tuwo ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe mu, ni da Yaya, babbar 'yar'uwata, bayan rasuwar Inna, ita ce kuma mai kula da ɗakin goro na gidanmu. Kakanninmu da fataucin goro suka zo garin, suka zauna, har yau kuwa da shi muke ci.

Na auri wanda nake so, in faɗi wannan tun yanzu. Ɗan Parakou ne, gidansu masu sayar da yadi ne a babbar kasuwa. Ya kawo atamfa Djougou wata ranar kasuwa, na kalle shi ta gefen gyale, na yanke hukunci nan take cewa idanunsa irin na samarin cikin littafi ne. Ba ni da ƙorafi a kansa. Ƙorafina a kan littattafan yake, kuma har yanzu bai huce ba.

Marubucin soyayya zai ɓata shafi bayan shafi yana kwatanta gashin idon budurwa. Zai gaya maka launin takalminta, da turaren da ta shafa, da yadda hawaye ya tsaya a kumatunta bai faɗo ba. Zai wahalar da masoyan nan har ka yi kuka tare da su. Amma da an kai amarya, 'yan rakiya sun watse, sai ya ja ƙofa ya rufe, ya rubuta "washegari". In ya ga dama ya ƙara layi ɗaya: bayan wata tara ta haifi namiji mai kama da ubansa. Shi ke nan. Ban taɓa cewa ya buɗe ƙofar in leƙa ba, ni ma 'yar mutane ce. Amma a ce cikin tarin littattafan da na karanta babu jaruma ɗaya da ta taɓa zama a bakin gado da jinjiri a hannu tana tsoron abin da zai biyo baya? Ko ɗaya babu. Su ba sa shayarwa, ba sa ramewa, ciki ba ya zo musu sai lokacin da labari ke bukatarsa.

Ni kuwa na ga abin da ya sami Yaya. An aurar da ita a Sérou, ta haifi ɗanta na fari, yaro mai kumatu. Bai fara rarrafe ba wani cikin ya shiga. Kwanika, haka mata suka ce, kuma ba a ɓoye suka ce ba. Aka cire yaron daga nono wai nonon ya ɓaci, aka koma ba shi koko. Ya rame, ya yi ta gudawa, damina ba ta ƙare ba aka binne shi. A gidan biki mata kan sassauta murya in Yaya ta shigo, wata ta ce, “Wasu dai ba su da haƙuri.” Mijinta kuwa babu wanda ya ce masa komai. Gwaggo ta ɗaura mata laya a ƙugu tun ranar da ta koma ɗakinta, ta kuma gaya mata ta riƙa juya fuska bango. Na ga iyakar abin da laya da bango suka yi.

Da nawa cikin ya tsufa a Parakou, wannan tsoron ne ya zauna mini a ƙirji. Akwai wani shagon littattafai kusa da tashar jirgin ƙasa, inda nake sayen na soyayya. A cikin gilashinsa na ga wani babban littafi na Faransanci mai koren bango, da hoton mace riƙe da jariri, an rubuta cewa na lafiyar mace ne da zaman aure. Sau da yawa na tsaya a gabansa kamar mai gyara ɗaurin zani. Ban iya shiga na ce a ba ni ba, domin mai shagon sahu ɗaya yake sallah da surukina.

Aka kai ni gida goyon ciki, na haifi mace. Ranar suna, gida cike da mutane, maigidana ya samu ya leƙo ɗakina na ɗan lokaci. Ban kalle shi ba, na ce da bango, “Akwai wani littafi mai koren bango a shagon tasha. Ina so in karanta shi kafin in koma.”

Ya ce, “Na soyayya?”

Na ce, “A'a. Mai hoton mace da jariri.”

Ya ce to, ya fita da sauri kamar an kira shi.

Ana saura kaɗan in yi arba'in ya dawo tare da kawunsa. A gidanmu, in maijego za ta koma ɗakinta, miji kan kawo wa surukai goro, a raba wa dangi da maƙwabta, sannan a sa ranar tafiya. Ya zo da huhu guda babba, an naɗe shi da ganye da buhu, an ɗaure tam da igiya. Baba ba ya gari, ya bi kaya zuwa iyakar Togo. Suka gaisa da Gwaggo a tsugune. Da za su tafi ya tsaya a ƙofata wai zai ga yarinya, kawunsa na jiransa a tsakar gida. Ya sunkuyo ya ce a hankali, “Abin da kika ce yana ƙasan huhu.”

Kafin in buɗe baki ya juya.

Na fahimci dabararsa. Littafin ya fi ƙarfin aljihu, mota ɗaya kuma suka shigo da kawunsa, sai ya sa aka kwance huhun a Parakou, ya shimfiɗa littafin a ƙasa, aka mayar da goro a kai. A tunaninsa na mai sayar da yadi, za a kwance kaya a ranar, mata su kwashe goro, ni kuma in tsinci nawa a cikin ganye. Abu biyu ne bai sani ba. Goron suruki a gidanmu ba a kwance shi sai maigidan yana nan. Shi kuma goro, a lokacin zafi, ruwa ake ba shi.

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Gwaggo ta sa aka jingine huhun a inuwar rumfa, daidai inda nake ganinsa daga ƙofar ɗakina. Da safe, bayan ta gama yi mini wankan ruwan zafi, sai ta ɗauko ƙwarya, ta tsoma hannu, ta yayyafa masa ruwa ta ko'ina har buhun ya yi baƙi. La'asar ma haka. In rana ta yi tsanani ta ƙara da azahar. Tana yi tana magana da shi kamar mai rarrashin yaro. Ni kuma ina zaune da kunun kanwa a hannu, ina kallon ruwan yana gangarawa ƙasan huhu, inda yake taruwa.

Me zan ce? In ce Gwaggo, a daina, akwai littafi a ciki? Za ta ce wane littafi, kuma me ya hana maigidana miƙo shi a hannu kamar mutumin kirki. In kuma na yi shiru har Baba ya dawo, a gabansa za a kwance, ya ga hoton da ke bango, wataƙila ya buɗe ciki. Wani lokaci ina roƙon Allah ruwan ya kasa kaiwa ga littafin, wani lokaci ina roƙon ya narkar da shi gaba ɗaya. Duk daren duniya kuwa ranar komawata na ƙara matsowa, ni ban san komai ba fiye da abin da Yaya ta sani.

Wata rana da tsakar rana, Gwaggo ta kishingiɗa, na lallaɓa na durƙusa a gaban huhun ina laluben bakin igiya. Ƙullin masu goro ba irin na kowa ba ne, in ka ja nan sai can ya ƙara tamkewa. Ina cikin fama na ji murya a bayana.

“Maijego! Kewar mijin ce ta kai ki shinshinar goronsa?”

Na ce, “Gwaggo, gani na yi kamar tururuwa na hawa.”

“Tururuwa. Yau kuma 'yar lakwal ce mai gadin goro. Tashi ki koma ɗaki kafin iska ta shige ki. In ƙwaya ɗaya ta ɓata ubanki zai ce ni na ci, ni da haƙorana suka ƙare.”

Matan gidan suka kwashe da dariya. Har yamma ana ta kirana mai tururuwa.

Da Yaya ta zo daga Sérou duba ni, na ja ta ƙurya na gaya mata komai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, “Da gaske a ciki an rubuta yadda ake yi kada a samu?”

Na ce, “Haka nake zato.”

Ta daɗe tana kallon yarinyata. Ita ba ta yi nisa a lakwal ba, aji biyu aka cire ta. Ta ce, “In kin karanta ki gaya mini.”

Da la'asar ta fita ta tsaya kusa da Gwaggo, ta ce, “Gwaggo, ruwan nan bai yi yawa ba? Kada ya ruɓe.”

Gwaggo ta ajiye ƙwarya ta dube ta sama da ƙasa. “Ikon Allah. Tun uwarku ba ta san za ta haife ku ba nake shayar da goro. Ɗaya mai tururuwa, ɗaya mai awon ruwa. To ku zo ku karɓi ɗakin goron mana, in huta.” Ta ɗauki ƙwaryar ta juye sauran ruwan duka a kansa don mu gani.

Baba ya yi ta jinkiri a hanya. Don kada in haukace sai na koma kan littattafan da na tarar a gidan, na aljanu da jarumai masu takobi. A da ina raina su, ina cewa na yara maza ne. A wannan zaman na sake ra'ayi, ko da yake su ma sun ba ni haushi ta wata hanya. Su dai ba sa rowar bayani. In jarumi zai shiga birnin aljanu, tsohuwa za ta tare shi a bakin hanya ta gaya masa komai dalla-dalla: ga ƙofar da za ka bi, ga abin da za ka jefa wa dodo, kada ka waiwaya in an kira ka. Ya bi, ya tsira. Na riƙa ajiye littafin a cinya ina tunani, ashe marubuta sun iya koya wa mutum hanya. Sun iya, in hanyar ba ta wanzu ba. Birnin da babu shi an zana mini shi har da launin ƙyaurensa. Ɗakina da ke Parakou kuwa, wanda zan shiga da ƙafata ba da daɗewa ba, babu tsohuwar da ta tsaya a bakin hanyarsa.

Da Baba ya dawo, arba'in ta riga ta wuce. Aka shimfiɗa masa buzu a rumfa, ƙannensa suka zauna, Gwaggo ta kwance igiya da ja ɗaya. Ina leƙe ta bayan labule, yarinya a kafaɗa. Goro ya fito jawur, sanyi ƙalau, Baba yana ɗagawa yana cewa madalla. Aka yi ta kwasa har aka kusa ƙasa. Sai Gwaggo ta yamutsa fuska. Sahun ƙarshe ya yi laushi, ya yi furfura. Ta zura hannu ta zaro wani abu mai kauri, naɗe da takardar siminti, yana ɗigar ruwa. Ya kumbura ya ninka girmansa, ya rine ya koma kalar tsatsa.

“Wane mara hankali ne ya sa kwali a ƙasan goro?” in ji ta. Ta ja bangon, ya biyo hannunta kamar dafaffen ganye. “Kun gani? Ya tsare ruwa, ya ruɓar mini da sahu guda. Mutanen Parakou! Su tsaya a kan yadinsu mana.”

Baba ya ce a bar maganar, yaro ne, ya yi ƙoƙari. Gwaggo ta wurga abin gefen murhu. Ba wanda ya gane ko mene ne. Asirina ya rufu, amma ban ji daɗin ko kaɗan ba.

Yaya ce ta ɗauke shi a cikin zaninta. Muka shanya shi a kan kwanon bayan gida, ya bushe ya sandare kamar katako. Muka zauna da wuƙar yanka kuɓewa muna ɓamɓare shafi daga shafi, mafi yawa suna yagewa. Wasu na tsakiya sun tsira. Akwai zanen cikin mace, an yanka ta gefe kamar gwanda, kibiyoyi na nuna wurare, kowace kibiya da kalmar da ban taɓa ji a lakwal ba. Akwai dogon bayani a kan tafasa ruwa da wanke hannu. Wanda ya rubuta shi bai taɓa zama a tabarma ɗaya da mace mai tsoro ba, da 'yan'uwansa likitoci yake magana, mu kuma muna tsaye a bakin taga. Sai muka iso babin da nake nema, na ba da tazara tsakanin haihuwa. Kan babin ya fito sarai. Abin da ke ƙarƙashinsa ya manne ya zama dunƙule ɗaya, wuƙa ta shiga ta fito da gari.

Yaya ta ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Bai ce komai ba, Yaya.”

Ta kakkaɓe zaninta ta tashi ta ce rana ta yi, za ta nemi motar Sérou.

Aka sa ranar komawa. Gwaggo ta ɗaura mini laya a ƙugu, ta ce in riƙa juya fuska bango. A mota, tun daga Djougou har muka wuce Onklou, jar ƙasa na shigowa ta taga, ni ina ta shirya magana a raina. Duk wadda na shirya sai ta fito irin ta littafi, mai hasken rayuwata da sanyin idanuna, babu wadda za ta iya ɗaukar abin da nake son faɗa.

Da 'yan rakiya suka tafi masaukinsu, tun rana ba ta faɗi ba, maigida ya shigo da fara'arsa. Na kwance ɗankwali na ajiye dunƙulen a gabansa.

Ya juya shi, ya ce, “Mene ne wannan?”

“Littafinka.”

“Me ya same shi?”

“Ruwa. Safe da yamma.”

“Ruwa kuma? Ana ba goro ruwa?”

“Kamar jinjiri. Ka auri 'yar masu goro, ba ka taɓa tambaya ba?”

Ya dafe kai. Ya ce shi a shagonsu ruwa ne babban abokin gaba, ko ɗigo ba a bari ya taɓa kaya. Sai ya ƙara, yana kallon tabarma, cewa ai kafin ya sa shi a huhu ya ɗan duba. Na ce ɗan dubawa kamar yaya? Ashe ya karance shi tas, a ɓoye, a ƙarƙashin bandirin shadda.

Na ce, “To me ya ce?”

“Ya ce abubuwa da yawa.”

“Babin tazara nake tambaya.”

Mutumin da ke iya sayar wa mace atamfar da ba ta zo saye ba, ya rasa bakin magana. Sai na gane duk mu biyun abu ɗaya muka yi. Na aike shi sayen littafi don kada in faɗa da bakina, shi kuma ya binne shi a ƙasan goro don kada ya faɗa da nasa. Ga littafin ya mutu a tsakaninmu. Yarinya ta motsa a bayana. Na ji haushi ya taso mini har ya fi kunya ƙarfi.

Na ce, “Maigida, ba na son abin da ya sami ɗan Yaya ya sami yarinyar nan. Ba na son wani ciki sai ta yi tafiya, ta yi magana, na yaye ta da hannuna. Laya ba ta yi wa Yaya komai ba.”

Ya ajiye dunƙulen a kan tabarma. Can ya ce, “Littafin ma bai faɗi yadda ake yi ba. Shafi biyu ne kawai. Cewa ya yi a je wurin ungozomar asibiti. Na tambaya a kaikaice, akwai wani ɗaki a bayan matarnite, inda mata ke haihuwa. Amma ba sa sauraron mace sai da mijinta.”

Shafi biyu. Na tuna wuƙar kuɓewa, da fuskar Yaya, da sahun goron da ya ruɓe. Na ce, “Ga mijin nan ai.”

Sai da ya yi kwanaki yana cewa kasuwa ta yi yawa, ni kuma ina kwana da yarinya a ɗakin surukata wai jikina bai gama warwarewa ba. Ranar da ya gaji, ya ɗauke ni a mobilet ɗinsa, irin ƙaramin babur ɗin nan, ya ajiye ta nesa, bayan wani gareji, don kada a gane ta a ƙofar wurin. Ya ja hula har gira. Ungozomar, wata mai ƙiba mai saurin magana, ta haɗa yaren Dendi da Faransanci ta yi mana bayani kai tsaye, kamar mai koya dahuwar wake. Ta ba ni ƙwayoyi, ta gaya mini yadda ake sha da ranar da zan dawo. Shi dai silin yake kallo har muka fito, amma ya zauna, bai gudu ba.

Yarinyar da ƙafarta ta taka zuwa shagon ubanta, da bakinta ta ce a saya mata ƙosai, kafin ƙaninta ya zo.

Na je Sérou na gaya wa Yaya duk abin da na ji, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Sai da miji, kika ce?” Nata mijin ya ce shi ba zai je ya zauna a cikin mata ana yi masa maganar banza ba. Ta sake yin kwanika sau biyu. Allah ya raya mata ɗaya.

Har yau ina sayen littattafan soyayya, ba zan yi ƙarya ba, kuma har yau ina kuka a inda ake so in yi kuka. Sai dai tun a gaban mai sayarwa nake buɗe shafukan ƙarshe in duba. An kai amarya, 'yan rakiya sun watse, an ja ƙofa. Washegari. Nakan ja tsaki, mai shago ya ce, “Hajiya, bai yi ba ne?” In ce masa ya yi, naɗe mini.